Ƙorafin masu mota: hujja ce ko surutun Amurkawa?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawara. An yi mini tallar Honda Civic ƙirar 2022, tokumbo, zan saya wa 'yata da ke zuwa aiki Ikoyi daga Agege. Ɗana ya buɗe shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ya ga masu irin motar suna ta kuka wai sitiyari yana cijewa ana cikin gudu, har wasu sun ce abin ya jefa su hatsari. Gabana ya faɗi. In fasa?

Alhaji Sani Dillali: Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki. Wannan shafin kowa yana iya shiga ya rubuta abin da ya ga dama, ba a tantancewa kafin a sa. Ba'amurke in kujera ta yi ƙara sai ya kai ƙara. Mutum zai yi barci a kan sitiyari ya faɗa rami, gobe ya ce laifin mota ne don inshora ta biya shi. Babu motar da za ki bincika a wurin ki tarar ba ƙorafi, har wadda kike hawa yanzu. Ƙorafin mai mota ba hujja ba ce, surutu ne.

Injiniya Bashir: Alhaji ranka ya daɗe, gaskiya ne ba a tantance kowane ƙorafi. Amma a kan wannan motar an wuce maganar surutu. A watan Maris na 2023 hukumar ta buɗe bincike bayan ƙorafi 145 kan sitiyarin Civic ta 2022 da 2023. A watan Oktoba na 2024 kamfanin da kansa ya kira motoci wajen miliyan 1.7 a Amurka a dawo da su gyara, Civic da CR-V da HR-V da Acura Integra. Akwai wani ɗan gargare a cikin akwatin sitiyarin da yake kumbura idan zafi da danshi sun yi masa yawa, giris ɗin da ke tsakani ya ragu, ga kuma sifirin da aka ɗaure fiye da kima. Shi ya sa sitiyarin ke yin nauyi farat ɗaya. Masu motar ne suka fara faɗa, kamfani ya zo daga baya ya amsa.

Auwalu Direba: Zafi da danshi kuwa ai mu ne gidansu. Allah ya kiyaye a ce a kan gadar Third Mainland abin ya same ka, kilomita kusan 12 ruwa hagu ruwa dama.

Alhaji Sani Dillali: To Injiniya, tunda tarihi kake so. Ka tuna abin da aka yi wa Toyota a 2009 da 2010? Duniya ta ɗauka wai motoci suna ƙara wa kansu wuta, kwamfutar ciki ta haukace. Gwamnatin Amurka ta ɗauko injiniyoyin NASA, masu zuwa sama jannati, suka bincika, a 2011 suka ce ba su ga laifin na'urar lantarki ba. Da yawa daga direbobin totur suka taka suna zaton birki ne. Mu da ke sayar da mota mun ga yadda tsoro ya hana mutane sayen lafiyayyar mota a banza.

Injiniya Bashir: Haka aka yi Alhaji, amma labarin da sauransa. An samu shimfiɗar ƙasa da ke maƙale totur, an samu totur da ke jinkirin dawowa, kuma a 2014 kamfanin ya biya gwamnatin Amurka dala biliyan 1.2 saboda ɓoye abin da ya sani. Masu ƙorafi sun yi kuskuren gano inda ciwon yake, amma ciwon akwai shi. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne Chevrolet Cobalt, ita ma ƙaramar mota. Makunninta yana da sako-sako, in makullai sun yi nauyi ko gwiwa ta taɓa sai inji ya mutu ana tafiya, sitiyari da birki su yi tauri, jakar iskar kariya ta ƙi buɗewa. Mutane sun shekara kusan goma suna faɗa. Sai 2014 aka kira ta tare da wasu motocin masu irin makunnin, kuma asusun diyyar da kamfanin General Motors, mai ƙera su, ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124. Waɗannan ma da farko an ce da su ba su iya tuƙi ba.

Malama Zainab: Innalillahi. Ni abin da na fahimta, mutum ɗaya in ya yi kuka ana iya cewa shi ne. Amma mutanen da ba su san juna ba, garuruwa daban-daban, kowa ya kwatanta abu iri ɗaya a ƙira ɗaya? Ruwa ba ya tsami banza.

Malam Habu Bakanike: Ku yi haƙuri in sa baki, yanzu na fito daga ƙarƙashin mota. Duk kuna ta gardama a kan abin da kamfani ya yi a can, ni abin da muke yi wa mota a nan ne ke hana ni barci. Mota 'yar shekara biyu ko uku da ta sauka tashar jiragen ruwa ta Tin Can da araha, ku tambayi kanku me ya rabo ta da mai ita. Yawancin irinsu daga gwanjon inshora suke, ko ta yi karo ko ambaliya ta shanye ta. Ana kawo ta fanabita ya miƙe ta, a je kasuwar kayan mota ta Ladipo a haɗo bamba da fitilu, a fesa fenti ta fito tana ƙyalli. Jakar iskar da ta riga ta fashe fa? Mai tsoron Allah zai sa wata. Wani kuwa murfin kawai zai manna, rewaya ya sa ɗan ƙaramin abu ya yaudari kwamfuta don fitilar gargaɗi ta mutu. Na taɓa buɗe sitiyarin wata mota da wani bawan Allah ya saya da kuɗi masu yawa, tsumma na tarar a ciki. Wallahi tsumma. Kuma da ita yake kai yaransa makaranta kullum. Wannan ba za ka gan shi a shafin Amurka ba, don mu nan in abu ya faru sai mu ce tsautsayi, a yi jana'iza a watse. Wa ya taɓa rubuta ƙorafi?

Alhaji Sani Dillali: Malam Habu, kar a yi mana kuɗin goro. Akwai dillalan da ke nuna hoton mota tun daga filin gwanjo.

Malam Habu Bakanike: Akwai su Alhaji, Allah ya ƙara mana irinsu. Amma mai saye ba shi da hanyar rarrabewa sai ya duba da kansa.

Auwalu Direba: Ni tambayata, tunda kamfani ya ce a dawo a gyara kyauta, ba shi ke nan an gyara ba?

Injiniya Bashir: A'a ƙanena. Wasiƙar kiran tana zuwa adireshin wanda ya yi wa motar rajista a Amurka ne, ba za ta biyo ta Agege ba. Kuma dokar can sabuwar mota ta hana dila sayarwa kafin a yi gyaran, ba ta hana sayar da ta hannu ba. Motar da ke jibge a filin gwanjo ba wanda zai kai ta gareji. Haka aka yi da jakunkunan iska na kamfanin Takata, wajen miliyan 67 a Amurka kaɗai, waɗanda sinadarin cikinsu ke lalacewa da zafi da danshi har su watsa wa direba ƙarfe a fuska. Kamfanin ya durƙushe tun 2017, amma tsofaffin motocin da aka sa wa su ai suna nan muna hawa. Hajiya, ki karɓi lambar shasi, wato VIN, haruffa da lambobi 17, tana nan a gindin gilashin gaba ta wajen direba. Ɗanki ya sa ta a shafin NHTSA, kyauta ne, zai nuna in akwai gyaran da ba a yi ba. Sannan a sayi rahoton tarihin motar daga kamfanin Carfax a ga ko ta yi hatsari ko ta sha ruwa.

Alhaji Sani Dillali: Duba lamba ban ƙi ba, dillalin da ya hana ki lambar shasi ma ki bar masa motarsa. Amma ina nan a kan bakana, kar a ɗauki kukan kowa a yanke wa mota hukunci. Miliyoyi suna hawanta lafiya.

Malama Zainab: Miliyoyin ba su ne 'yar Hajiya ba, Alhaji. Ita ɗaya take da ita.

Hajiya Rabi: Na gode ƙwarai. Malam Habu, in lambar ta fito lafiya, me zan duba a jikin motar?

Malam Habu Bakanike: Ki kunna ta ba tare da tayar da inji ba, ki sa ido a fitilar jakar iska. Dole ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, ko kuma sai inji ya tashi take mutuwa tare da fitilar man inji, an taɓa wayar. A ɗaga kafet a duba laka da tsatsa, a ja kowane bel a ga yana kamawa. Sitiyarin kuma zagaye a cikin layi ba zai nuna komai ba, don masu ƙorafin sun ce sai an ɗan jima ana gudu a babban titi yake cijewa. A kawo ta ranar Lahadi da sassafe kafin gosulo, in sa mata kwamfuta, sannan mu hau titin Ibadan da ita mu kai Sagamu mu dawo.