Masu jagorantar bitar rubutu, yaya kuke sa mahalarta su karanta waƙoƙinsu a bayyane?

Mai Koyon Baiti ta rubuta:

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na fara jagorantar wani ƙaramin zaman bita na masu sha'awar rubuta waƙa, inda mutum 12 suke haɗuwa sau ɗaya a mako. Ban taɓa yin aikin da ya faranta mini rai kamar wannan ba, domin duk ranar da wani ya kawo baitin da ya fi nasa na makon jiya kyau, sai in wuni da murna kamar ni ce na rubuta shi. Abin da ya dame ni shi ne, da zarar an zo lokacin karantawa a gaban jama'a, sai kowa ya sunkuyar da kai, wasu ma su miƙo mini takardunsu su ce in karanta a madadinsu. Shin in dage sai kowa ya karanta da bakinsa, ko kuwa in ƙyale su, tunda rubutu muka taru mu koya? Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan fage su ba ni shawara.

Tsohon Malamin Adabi ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara basira. Shawarata ita ce kada ki yarda a bar karantawar, domin rabin darasin yana cikinta. Don kunne aka gina waƙa tun asali. Ko Khalil ɗan Ahmad, malamin Basra da ya tsara ilimin aruli, wato ilimin auna karin waƙa, a ƙarni na 8, sauraren waƙoƙin Larabawa ya yi har ya fitar da karuruwa 15, kafin wani malami mai suna Akhfash ya ƙara na 16, kuma marubutanmu sun iya aron karuruwa irin su Mutaƙarab da Kamil ne saboda Hausa ma tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi.

To, a nan gizo ke saƙar. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Kalmar "fari" ta launi da "fari" ta ɗan fari iri ɗaya suke a takarda, alhali gaɓar farko ta ɗaya gajera ce, ta ɗayar kuwa doguwa. Saboda haka ɗalibi zai iya ƙirga gaɓoɓin ɗangonsa, wato layi guda na baiti, da ido ya ga sun cika, ya ga amsa-amo ya zauna daidai, amma ranar da ya buɗe baki ya rera, sai harshensa ya yi tuntuɓe a daidai wurin da karin ya karye. Abin da na fi ƙauna a duk shekarun da na yi ina wannan aiki shi ne wannan tuntuɓen, domin sau da yawa ɗalibin yakan tsaya da kansa, ya ɗauki alƙalami ya canza kalma ɗaya, ya sake rerawa, sai ɗangon ya miƙe, ni kuwa ban ce masa uffan ba. Fuskarsa a wannan lokacin ita ce ladan da nake jira duk mako.

Ma'abociyar Alƙalami ta amsa:

Na yarda da Malam a kan amfanin kunne, amma ina da ja a kan dagewa. Mai kunya idan aka tilasta masa, murya ƙasa-ƙasa zai yi ya ruga da karatun don ya huta, kuma mai yiwuwa mako mai zuwa ba za ki gan shi ba. Mutumin da ya rubuta baiti a kan rasuwar mahaifiyarsa, alal misali, yana da hakkin ya zaɓi ranar da zai iya furta shi.

Abin da nake yi shi ne musayar takardu, kowa ya karanta waƙar wani. A sanannen zaman bitar marubuta na Jami'ar Iowa a Amurka, wanda aka kafa a 1936, an saba marubuci ya yi shiru yayin da ake tattauna aikinsa, kuma na ɗauki wannan na haɗa da musayar. Marubucin yana zaune yana jin kalmominsa a bakin wani, yana gane inda mai karatu ya rikice da inda muryarsa ta yi rawa. Bayan an gama, nakan hana gyara tukuna, sai kowane mai sauraro ya maimaita ɗango guda da ya maƙale masa a zuciya. Na ga wata baiwar Allah da ta yi mako biyar ba ta ce komai ba, amma da ta ji mutum huɗu sun maimaita ɗango ɗaya daga waƙarta ba tare da duba takarda ba, ita da kanta ta nemi a ba ta dama ta karanta sauran.

Ɗan Fagen Waƙa ya amsa:

Ƙarin da zan yi kaɗan ne. Gasar karanta waƙa da aka fara a Chicago a tsakiyar shekarun 1980, wadda ake ba kowa minti 3 kuma alƙalai daga cikin 'yan kallo su ba da maki, tana da armashi ƙwarai, amma ban ga dacewarta da masu farawa ba, saboda maki yakan sa su rubuta abin da zai jawo tafi kawai. Ki ɗauki iyakar minti 3 ɗin, ki bar makin. Sannan ki sa musu ranar da za su yi wa shiri, kamar 21 ga Maris, wadda UNESCO ta ware a 1999 a matsayin Ranar Waƙa ta Duniya, kowa ya gayyato mutum ɗaya da ya amince da shi.

Mai Koyon Baiti ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na gwada musayar takardun a zamanmu na jiya, kuma mutum uku sun karɓi waƙoƙinsu daga baya sun sake karantawa da kansu, ɗaya ma cewa ya yi abokinsa bai tsaya a inda ya kamata a tsaya ba. Malam, ina da sauran tambaya gare ka: idan ɗalibi ya rubuta waƙa marar kari da gangan, a kan me zan ce masa ya sa kunne idan yana karantawa?