Batirin sola ba ya kai mu asuba: wa abin ya taɓa samu?

Baban Yara: Assalamu alaikum jama'a. Ina da baturan ruwa guda biyu, kowanne bolt 12, amfiya 200, da farantan sola huɗu masu wat 300. Da farko fanka uku da firij muke kunnawa har gari ya waye. Yanzu wajen ƙarfe biyun dare inbata ke fara kuka, can sai ɗif. Wanda ya haɗa min ya ce baturan sun mutu, in sayi sababbi. Kafin in shiga wannan ɗawainiya ina so in ji daga bakin waɗanda suka ga irin haka a gidajensu.

Tsohon Ma'aikaci: Wa alaikumus salam. Malam, fara da lissafi tukuna. Bolt 12 sau amfiya 200 ya ba ka wat-awa 2,400, wato yawan wutar da batir ɗaya ke ajiyewa, batura biyu 4,800 ke nan. Amma batirin ruwa rabin cikinsa ne naka, in kana zuƙe shi fiye da haka kullum, kwanansa kake ragewa. To 2,400 kake da shi. Fankar silin tana jan wajen wat 70, uku a awa 10 sun cinye 2,100. Ita kanta inbata, ko ba a jona mata komai ba, tana iya shan wat 30 zuwa 50 muddin tana kunne. Ka ga ba a ma zo kan firij ba, kason ya ƙare. Kai asubar da kuke yi da farko, cikin rabin da bai kamata a taɓa ba kuke ci. Nawa haka suka yi, kuma ba wanda ya yi min wannan bayani ranar da aka haɗa.

Uwargida: Baban Yara, ka hau ka duba farantan da idonka? Mu namu ya yi ta ɗaukewa, maigidan har ya fara cigiyar batir. Ƙanena ya hau rufin, ya tarar ƙura ta yi musu lulluɓi, ga kashin tsuntsu ya bushe a gefen ɗaya. Sannan bishiyar maƙwabta ta yi tsawo, daga la'asar inuwar reshenta kan faɗa kan faranti guda. Da yake a jere aka haɗa su, wannan gudan sai ya ja sauran ƙasa. Aka wanke da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi, aka roƙi maƙwabcin ya sassabe reshen. Ba mu canza ko waya ɗaya ba.

Mai Gyaran Waya: Maganar Uwargida ita ce tushen abin. Batir da yawa rashin cika ne ke kashe su. In batirin ruwa ya daɗe ba ya cika, wani farin gishiri kan daskare a jikin farantan dalmar da ke cikinsa, wurin ajiyar caji ya yi ta raguwa. Alamarsa ita ce ya "cika" da wuri, tun hantsi, ya kuma sauka da wuri. Kada ka yarda da fitilun gaban inbata. Ka kashe komai da daddare, ka bar baturan su huta awa biyu ko uku, ka sa mita a kan kowanne daban. Cikakke zai nuna wajen 12.7, rabi wajen 12.1 ko 12.2. A wurina da na auna, ɗaya lafiyarsa lau, ɗayan ne ya faɗi ƙasa da 11, ɗaki guda a cikinsa ya lalace yana jan ɗan'uwansa.

Baban Yara: To in ɗaya ne ya lalace, ba sai in canza shi kaɗai ba?

Mai Gyaran Waya: Za ta yi aiki na ɗan lokaci, amma haɗa sabo da tsoho kamar ɗaure ɗan maraƙi da tsohon sa ne a garma ɗaya. Ba za su cika tare ba, sabon zai tsufa da wuri.

Malamar Makaranta: Ni zafi ne ya cinye nawa. An ajiye su a wani ɗan sito marar taga, da rana in ka taɓa jikinsu sai ka janye hannu. An ƙera batirin dalma, wato irin na ruwan nan, ne don yanayin digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 na iya rage masa rabin rayuwa. Ruwan ma saurin ƙonewa yake, ranar da aka buɗe marufan an ga kan farantan dalmar a waje. Ruwan batir tatacce kaɗai ake ƙarawa, ban da na famfo, ban da asid. Don Allah a bar musu iska kuma, domin suna fitar da iskar gas mai kamawa da wuta lokacin caji.

Ɗan Autan Gida: Ranku ya daɗe, duk wannan wahalar ta batirin ruwa ce. Yayana ya koma litiyam, irin LiFePO4, ana jan kashi 80 zuwa 90 na cikinsa, ba ƙarin ruwa, kuma masu ƙera shi suna rubuta caji dubu uku zuwa sama.

Tsohon Ma'aikaci: Gaskiya ne ɗana, ni ma shi nake amfani da shi yanzu, amma litiyam ba ya ƙirƙiro wuta. Farantan Malam wat 1,200 ne a rubuce, lambar da aka auna a digiri 25. A kan rufi mai zafi, da asarar waya da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin da farantan ke tura wa batir, in ya samu wajen wat-awa 4,500 a wuni ya gode Allah. Firij, talabijin da guga na rana duk daga ciki suke ci kafin batir ya samu saura. Dutsen guga kaɗai wat 1,000 ne ko fiye. Abin da ya gyara min dare shi ne fankokin DC masu jan wat 30 ko ƙasa, da kashe firiza bayan magariba tunda ta riga ta daskare. Malam, kwantirola iri biyu ce, PWM da MPPT, taka wacce ce? In PWM ce, kuma bolt ɗin farantanka ya zarce na baturan sosai, wannan rarar zubewa take yi. Turo mana hoton lambobin da ke bayan faranti ɗaya da na jikin kwantirolar, a duba kafin ka sayi komai.