"Barci ƙanin mutuwa": me ake nufi da ita, kuma a ina ake faɗinta?

Ummin Tagwaye:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai karin maganar da ta tsaya min a rai tun satin da ya wuce. An yiwa Mamanmu tiyata a ciki, an shiga da ita wajen ƙarfe 9 na safe ba a fito da ita ba sai 12 ta wuce, muna zaune a baranda mu da Goggo inata jan carbi hannuna yana rawa. Da ta farfaɗo leɓenta a bushe ga bandeji a cikinta, maganar farko da ta yi ita ce "wai yaushe za su fara ne?" Sai Goggo tace Allahu akbar, barci ƙanin mutuwa. Toh ni abin da ya ɗaure min kai shine, Mama a gida mutum ce da ko ƙofar gida aka taɓa cikin dare sai ta tambaya waye, kuma kafin ladan ya kira assalatu ta riga ta tashi ba agogo ba komai. Idan wancan na asibiti shine ƙanin mutuwa, wannan na gida fa? Ko dai karin maganar ba abin da muke zato take nufi ba?

Baba Mai Goro:
Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya ba mahaifiyarki lafiya yasa kaffara ne. Mu dai yadda muka taso muka ji ana faɗinta, mafi yawa wajen yiwa mutum uzuri ne. Ɓarawo ya shigo ya kwance akuya maigida yana kwance bai ji ba, da safe ana ta faɗa, sai wani dattijo yace ku ƙyale shi barci ƙanin mutuwa ne. Ina yaro a ƙauyenmu aka yi wani ruwa da iska cikin dare har katangar zaure ta faɗi, kawuna yana kwance a zauren a kan tabarma, ƙasa ta zubo har gefen ƙafarsa bai motsa ba sai da aka zo da aci-balbal aka girgiza shi. A nan na fara jin kalmar daga bakin kakata. Amma ki lura da kalmar da suka zaɓa, ƙani suka ce. Ƙani yana kama da wansa, ka gan shi ka san gidan da ya fito, amma ba shine wan ba. Kuma ni ban taɓa jin an faɗe ta a wajen ta'aziyya ba, ba wurinta bane.

Malamin Allo:
Allah ya saka da alheri Baba. Ni a ganina maganar nan tana da tushe a addini. A suratuz Zumar aya ta 42 Allah yace shine yake karɓar rayuka lokacin mutuwarsu, da waɗanda ba su mutu ba a cikin barcinsu, sai ya riƙe wanda ya hukunta wa mutuwa ya saki ɗayan zuwa wani lokaci. Mu da kanmu in za mu kwanta cewa muke da sunanka ya Allah nake mutuwa nake rayuwa, in mun tashi muce godiya ta tabbata ga Allah da ya raya mu bayan ya kashe mu. Uzurin da Baba ya faɗa shima yana nan, an ɗauke alƙalami daga mai barci har sai ya farka. Sannan tambayar da Mama ta yi ta tuna min da Ashabul Kahfi, shekara 309 suna kwance amma da suka tashi suka ce yini ɗaya muka yi ko wani yanki na yini.

Nas ta dare:
Sannu Ummin Tagwaye, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan tambayar ta Mama wlh mun saba jinta a ɗakin farfaɗowa, wasu har gardama suke yi sai sun shafa ɗinkin sun yarda. Allah gafarta Malam ban ja da abin da ka kawo ba, ruhi lamarin Allah ne, ni ɓangaren jiki kawai zan taɓa. Abin da muke kira allurar barci ba barci take sawa ba, sunan ne kawai. Mai barci in ka mintsine shi zai tashi, amma wanda ke ƙarƙashin allura ana yanka shi baya tashi, shi yasa akwai mai lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa tun daga farko har ƙarshe. A barci na gaske ƙwaƙwalwa bata daina aiki. Wani likita Bajamushe Hans Berger shine ya fara auna ƴar wutar lantarkin da ke gudana a ƙwaƙwalwar mutum a 1924, tun daga nan aka samu hanyar ganin abin da take yi mutum yana kwance. A 1953 a jami'ar Chicago ta Amurka, Aserinsky da malaminsa Kleitman suka nuna cewa akwai lokacin da idon mai barci yake ta yawo a ƙarƙashin fatar ido, ƙwaƙwalwa kuma tana aiki kusan kamar ta wanda yake farke, in aka tashe shi a lokacin yawanci zai ce mafarki yake. A kan ɗansa ɗan shekara 8 Aserinsky ya fara gwajin. Barci zagaye yake yi, mara nauyi, mai nauyi, sai na mafarki, kusan duk minti 90 a sake, sau huɗu ko biyar ko shida kafin gari ya waye. Mai nauyin ya fi yawa a farkon dare, wataƙila a cikinsa katanga ta samu kawun Baba. Kuma kunne baya rufewa, ku duba mai jego, janareta na maƙwabta yana ta ruri tana barcinta amma jariri yana ɗan yin ƙyas sai ta buɗe ido. An gwada, ƙwaƙwalwar mai barci tana amsa sunansa fiye da sunan wani. Don haka ni gaskiya a wurina allura ce ta fi dacewa da sunan ƙanin mutuwa, barci ɗan uwa ne na nesa.

Direban Tirela:
Anti Nas ki yi haƙuri ni ban yarda da na nesa ba. Shekarata 19 a kan titi. Mu a tasha wadda muka fi faɗa ita ce barci ɓarawo, amma duk tafiyarsu ɗaya. Wani dare na taso da lodi daga Legas kwana biyu ban kwanta ba sai gyangyaɗi a kan sitiyari, tsakanin Zariya da Kano wajen ƙarfe 3 ina tauna goro rediyo a kunne yaron mota yana gefe, na san na ga fitilun wani gari a gaba, abu na gaba da na sani shine ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya motar ta fara sauka daga kwalta, garin kuma yana bayana. Ban ji zuwansa ba, ban yi mafarki ba, ba ni nan kawai. Na samu waje na faka jikina yana ɓari na kwanta a ƙarƙashin mota har aka yi sallah. To wannan in ba ƙanin mutuwa bane menene, saura ƙiris ya miƙa ni hannun wan nasa.

Nas ta dare:
Innalillahi, Allah ya ƙara tsarewa Yaya. A nan kam ka fi ni gaskiya. Wannan ɗan guntun barcin na daƙiƙu kaɗan ne kuma yana iya zuwa ido a buɗe, mutum baya sanin ya tafi. In kana gudun kilomita 80, daƙiƙa 4 kawai motar ta ci kusan mita 90 ba direba. Akwai wani sinadari adinosin da yake taruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum yana farke, shine nauyin idon da kake ji. Kafeyin da ke cikin goro da kofi da shayi toshe inda yake zama kawai yake yi, baya kwashe shi, bashin yana nan sai an biya da kwanciya. Wani yaro ɗan shekara 17 Randy Gardner a San Diego ya yi kwana 11 ba barci daga ƙarshen 1963 zuwa farkon 1964, kafin ya gama yana ta mantuwa da ganin abin da babu, da ya kwanta sai da ya yi sama da awa 14. Don Allah in ka ji hamma ta yi yawa ko ka kasa tuna garin da ka wuce, ka faka.

Ɗan Aji Uku:
Slm iyayena da yayyena. Ni na yi ta fama da dannau a hostel, in farka ina ganin silin da fanka ina jin abokan ɗaki suna hira amma ko yatsa bana iya ɗagawa, ƙirjina kamar an ɗora buhu, ina so in yi salati murya bata fita. Daga baya na karanta cewa lokacin barcin mafarki ƙwaƙwalwa da kanta take ɗaure gaɓoɓi don kar mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, toh wani lokaci hankali yana riga jiki farkawa. Wannan ne yasa nake ganin karin maganar ba akan rashin sani take ba, akan rashin iko take. Domin sani yana iya kasancewa. A 2021 masu bincike a Amurka da Faransa da Jamus da Holan sun yi tambaya ga mutanen da suke iya gane cewa mafarki suke yi, aka tambayi wani 8 a cire 6 yana cikin barci na'ura tana tabbatarwa, ya amsa da juya ido hagu da dama sau biyu. Wannan ai ba matacce bane. Amma ka duba yaro ya yi barci a tsakar gida a ɗauke shi a saɓa a kafaɗa a kai shi ɗaki a juya shi yadda ake so, nan ne kamarsa da mutuwa take.

Malamin Allo:
Ɗana Allah ya yaye maka. Bayanin da ka yi baya hana ka karanta ayatul kursiyyu da falaƙi da nasi ka kwanta ta ɓangaren dama, ka haɗa da kwanciya da wuri.

Baba Mai Goro:
Yaron nan ya taɓo wani abu. Da na sake tunani, inda ake faɗinta duk akwai wannan, an yiwa mutum abu bai iya kare kansa ba. Shi yasa a gidanmu ake hana tsallake mai barci, ake hana tashinsa da tsawa, in ka ga zanensa ya yaye ka rufe shi. Amma ba zan bar ɓangaren rashin sani ba gaba ɗaya, domin kawuna da aka tashe shi cewa ya yi wa ya zuba min ƙasa, bai san an yi ruwa ba.

Ɗan Aji Uku:
Haka ne Baba, na karɓa. Kenan barcin ba iri ɗaya bane, wani ba kowa a ciki wani kuma mutum yana nan ƙofa ce a rufe.

Nas ta dare:
Wannan ta ƙarshen ita ce take damuna a wajen aiki, ku bari in faɗa tunda an zo nan. Ƴan uwa su kewaye gadon wanda ya yi doguwar suma suna cewa ai wannan ya riga ya tafi, wasu har maganar gado da bashi suke yi a kansa. A 2006 a Cambridge ta Ingila, Adrian Owen da abokan aikinsa suka saka wata mata ƴar shekara 23 da ta yi hatsarin mota, watanni bata magana bata amsa kowa, a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ce mata ta ƙaddara tana buga ƙwallon tanis. Ɓangaren da ke shirya motsi ya kama aiki daidai da na mai lafiya. Suka ce ta ƙaddara tana zagaya ɗakunan gidansu, wani ɓangaren daban ya kama. Tana jinsu. Ba kowane mai suma bane haka, da yawa babu wannan amsar, amma mu da muke tsaye a bakin gado ba mu da hanyar bambancewa da ido. Ni duk wanda zan juya ko zan sa masa ruwa sai na kira sunansa nace Baba zan ɗaga hannunka, ko da wata guda ya yi bai motsa ba. In za ku faɗi karin maganar nan ku faɗe ta a waje don Allah.

Ummin Tagwaye:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Yanzu na dawo daga wajen Mama na kai mata kunu, na karanta mata abin da kuka rubuta tun daga na Baba har na Anti Nas. Tace na cikin tiyata ba abin da ta riƙe ko mafarki, ta dai tuna an ce ta ja numfashi a wata roba da aka ɗora mata a hanci shikenan. Amma tace bayan ta yi tambayar nan idonta ya sake rufewa, mu muna zaton ta koma, ashe tana jin komai, ta ji ƙarar takalmin nas ta ji ina shessheƙa, kuma ta ji Goggo sarai lokacin da tace barci ƙanin mutuwa. Tace gabanta ya faɗi, tana so tace mana ina nan ku daina kuka amma harshenta ya yi nauyi, sai ta yi ta ƙoƙarin matse hannuna. Na tuna na ji yatsunta sun ɗan motsa a tafin hannuna, na ɗauka sanyin ɗakin ne sai na ja mata bargo.