Muhawara: manhajar waya za ta iya hana mai gazawar zuciya komawa gadon asibiti?

Dakta: Jama'a, an jefo wata magana a zauren nan, wai mai gazawar zuciya in ya sauke manhaja a wayarsa ya huta da zaryar asibiti. Ban yarda ba. A 2010 aka fitar da sakamakon binciken Tele-HF a Amurka. An bi majinyata sama da 1,600, rabinsu suna ba da rahoton nauyinsu da alamun ciwo ta waya kullum. Mutuwa ba ta ragu ba, komawa asibiti ma haka. Wasu ko sau ɗaya ba su taɓa kira ba.

Sista: Dakta, Allah ya ƙara girma, amma ka kawo rabi ka bar rabi. A 2018 binciken TIM-HF2 na Jamus ya nuna raguwar mutuwa da ta kwanakin jinya. A can akwai cibiya da likita da nas ke zaune dare da rana, suna duba alƙaluman, su kira majinyaci, su gyara masa magani.

Dakta: Ai kin kawo mini hujjata. Masu ɗaga waya ne suka yi aikin.

Sista: Duk da haka kar a raina manhajar. Mai gazawar zuciya ruwa ne ke taruwa a jikinsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma sikeli kan nuna shi kafin takalmi ya matse ƙafa. Awon yana da ƙa'ida: da safe, bayan fitsari, kafin karin kumallo, da kaya marasa nauyi, a sikeli ɗaya, a kan siminti, ba tabarma ko kafet ba. In nauyi ya ƙaru fiye da kilo 2 cikin kwana 3, a kira asibiti. Mutum ba ya riƙe nauyinsa na shekaranjiya a ka, manhaja kuwa tana riƙewa, ta kuma tambaye shi matashin kai nawa ya jera jiya kafin numfashi ya bar shi ya yi barci.

Dakta: Sikeli ma yana ruɗi. Wanda ciwon ya daɗe yana ramewa, tsoka na zubewa ruwa na maye gurbinta, nauyi yana nan inda yake alhali huhu na cika.

Malam mai haɗa magunguna: Ni abin da ke tayar mini da hankali shi ne manhajar da za ta ce a ƙara Lasix, maganin fitar da ruwa ta fitsari. Ba ta san yadda ƙoda take ba. Mai shan magungunan zuciya spironolactone da lisinopril, in gudawa ko amai ya kama shi a zafin Afrilu, ruwan jiki ya ƙafe, sinadarin fotasiyam na iya hawa har ya rikita bugun zuciya. Gwajin jini ne ke tabbatar da wannan. Ƙarin ƙwaya sai in likita ya rubuta a takarda: nawa, kwana nawa, yaushe za a tsaya. Sannan wace manhaja ce ta san ya biya kemis ya sayi diclofenac ko ibuprofen don ciwon gwiwa? Su ne ke riƙe gishiri da ruwa su ɓata aikin Lasix. Masu cewa a ɗora yatsa a kyamara a auna hawan jini kuma, a rabu da su, a nemi na'urar da ake ɗaurawa a damtse.

Hajiya masaniyar abinci: Malam, ƙara da abinci. Jerin cimar da ke cikin manhajojin nan na Turawa ne, ba miyar kuka, ba yaji, ba kilishi. Gishirin yini bai kamata ya kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma magi yawancinsa gishiri ne. Sai kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta gazawar zuciya mai kumbura masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Manhajar da ba ta tambayi mai jego kanwa ba, ta bar babbar ƙofa a buɗe. Wanda aka ƙayyade wa shan ruwa lita ɗaya da rabi a yini kuwa, a ce masa fiya wata uku, har da koko da shayi a lissafin.

Injiniya: Duk wannan ana iya ginawa. Manhajar Medly ta birnin Toronto a Kanada an sake mata fasali a Uganda ta koma lambobin da ake dannawa irin na duba kuɗin waya, ba data, ba babbar waya. A nan sai a ƙara murya da Hausa saboda tsofaffi.

Dakta: Injiniya, to a sa wannan a shafin farko: numfashi na sarƙewa a zaune, ciwon ƙirji, suma, ko tari mai kumfa, ba a tsaya danna waya, a nufi asibiti.

Sista: Na yarda. Amma saƙon da ya shigo ranar Asabar da dare cewa baba ya ƙara kilo 2, wa zai gani? In babu nas mai riƙe da wayar sashe bisa jadawali, da likitan da za ta tuntuɓa, sai Litinin za a buɗe shi.