Tafiyar ƙafa zuwa Anse Marron a tsibirin La Digue: shin wanda bai iya iyo ba zai iya zuwa?

Matafiyi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A watan Yuli ni da maiɗakina za mu kwana uku a La Digue, ɗaya daga cikin tsibiran ƙasar Seshel da ke Tekun Indiya, kuma masaukinmu ya ba mu shawarar tafiyar yini guda zuwa Anse Marron, wani keɓaɓɓen bakin teku a kudancin tsibirin, tare da ɗan jagora. Ni na iya iyo, amma ita ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarta ba. Shin tafiyar za ta yiwu gare ta? Kuma lallai ne sai da ɗan jagora, alhali tsibirin ƙarami ne da ake zagaya mafi yawansa a kan keke?

Uwar 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam, Malam. Na yi wannan tafiya, kuma ƙanƙantar tsibirin kada ta ruɗe ka. Babu hanyar mota ko ta keke da ta kai Anse Marron. Ana bi ne ta cikin kurmi, a hau manyan duwatsu, a ratsa tsaguwarsu a sunkuye, sannan a ɓangaren da ke kusa da wani bakin teku mai suna Anse Source d'Argent a shiga cikin teku a yi ta takawa. Mu ruwan ya kai mana ƙugu, har muka ɗora jakunkuna a ka. Nan ne amfanin ɗan jagora yake, domin teku tana cika ta janye sau biyu a kowace rana, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kullum. Shi ne ya san sa'ar da za a tashi domin a iske ruwa ya ja baya. Wanda ya tafi da kansa yana iya tarar da hanyar dawowa ta shafe.

Game da maiɗakinka kuwa, a Anse Marron akwai wani ɗan tafki da duwatsu suka kewaye, suka tare masa raƙuman ruwa. Ruwansa a kwance yake, ba shi da zurfi sosai, kuma a nan na ga waɗanda ba su iya iyo ba suna wanka hankali kwance. Mun shafe kusan awa shida, zuwa da hutawa da dawowa.

Tsohon Masunci:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai watan da ka zaɓa yana buƙatar ƙarin bayani. Daga Mayu zuwa Satumba iskar kudu maso gabas ce ke kaɗawa, kuma Grand Anse da Petite Anse, wasu wuraren bakin teku biyu a tsibirin, suna fuskantarta kai tsaye. Kyawun rairayinsu yana jan mutum, amma igiyar da ke jan mai iyo zuwa tsakiyar teku tana da ƙarfi a wannan lokaci, shi ya sa aka kafa allunan gargaɗi. Kai da ka iya iyo na fi jiye wa tsoro, domin wanda bai iya ba yakan tsaya a gaɓa. Idan igiya ta ɗauke ka, kada ka yi kokawa da ita; ka yi iyo a kaikaice, daidai da tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinta.

Matafiyi:
Na gode muku ƙwarai. To wane irin takalmi ya dace, tunda akwai dutse akwai ruwa?

Uwar 'Yan Biyu:
Takalmi mai rufe yatsu wanda ƙasansa ke kama dutse, kuma ba ka damu da ya jiƙe ba. Silifa ba ta da amfani, domin jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi. Ku ɗauki ruwan sha aƙalla lita biyu kowannenku, tunda babu inda ake sayarwa a hanya, ku sa wayoyinku cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Kuma tun kafin ku biya, ka sanar da ɗan jagoran cewa maiɗakinka ba ta iya iyo ba, domin ya riƙa tafiya kusa da ita a wurin ratsa ruwa.