Kwamfutata tana farkawa a cikin jaka, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Abu Khadija, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na rufe laftof batir na kashi 80, na jefa ta jaka na hau mota zuwa Yawuri. Ina sauka na zuge jakar, hucin zafi ya bugi hannuna kamar na buɗe tukunyar tuwo, fanka sai kuka take, batir ya koma 9. Karo na uku ke nan. Wani mai gyara ya ce sai an share komai an ɗora sabon Windows. Kafin in yarda, wa ya san kan abin?

Mai Kafe, Argungu: Wa alaikumus salam. Yallaɓai, kar ka bari a share maka komai tukuna. Tawa ta yi mini haka wata biyu cur, ashe maus mara waya ne. Nakan bar ɗan tsinkensa a kafar USB, shi kuma yana cikin jaka a kunne. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya motsa, ita kuwa ta ɗauka ni na taɓa ta. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /lastwake, zai faɗa maka abin da ya tashe ta na ƙarshe. Sannan powercfg /devicequery wake_armed zai jero duk na'urorin da ke da izinin tashinta. Wanda ba ka so, ka bi shi Device Manager ka cire masa alamar izinin.

Maman Ummi, Zuru: Ni tawa akasin haka ce, kwana take yi ina tsakiyar buga sakamakon ɗalibai, fuska ta yi baƙi ɗif. Har na fara zargin batir. Ƙanena ne ya zauna kusa da ni ya lura abin ba ya faruwa sai na ɗora hannun hagu a gefen madannai. Agogona ne, madaurinsa na maganaɗisu. Ashe da maganaɗisu laftof ke gane an rufe murfi, to da agogon ya kusanci wurin sai ta zaci na rufe ta. Na cire shi, shi ke nan. Sati uku ina fushi da baiwar Allah a banza.

Ɗan Aliero: Malam Mai Kafe ya yi gaskiya, sai dai akwai saura. Kawu Abu Khadija, fara rubuta powercfg /a. In ka ga S3 a jerin nau'in barcin da take iya yi, barcinta irin na da ne, komai ya tsaya sai ma'ajiyar RAM kaɗai ke ɗan shan wuta. In kuwa S0 ka gani a jerin, wato Modern Standby, to barcin zomo take yi, ido ɗaya a buɗe irin na waya: tana iya riƙe intanet, tana iya sauke sabuntawa murfi a rufe. A irin wannan, lastwake sau da yawa ba ya nuna komai, powercfg /sleepstudy ne zai ba ka rahoton abin da ya cinye batir. Ni dai na gaji da bin diddigi. Na shiga Power Options na ce in an rufe murfi ta yi Hibernate, wato ta kwashe aikina zuwa faifai ta mutu gaba ɗaya. Tashi kan ɗan ƙara daƙiƙu, amma da zafin Afrilu wa zai bar na'ura tana numfashi a jakar leda? In ba ka ga zaɓin ba, buɗe Command Prompt da ikon admin ka sa powercfg /hibernate on.

Bashar, Jega: Wanda tasa ke farkawa fitila na ci amma fuska baƙa, ya danna Windows da Ctrl da Shift da B tare kafin ya kashe ta da ƙarfi. Direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa fuskar kwamfuta, yake tayarwa. Tawa dai sai da na sabunta direban ta daina.

Abu Khadija: Allah ya saka muku da alheri. Na duba, S3 ce, kuma lastwake ya nuna USB. Maus ɗin ne, Malam Mai Kafe, a kunne na same shi ƙarƙashin caja. Na cire masa izini, na kuma bi shawarar ɗana na Aliero kan murfi. Asabar zan koma Yawuri in Allah ya yarda, zan faɗa muku nawa batir ya nuna in na sauka.