Wace damfa ce ta dace da injin Chevrolet 383 da zai kai juyi 6,500?

Sabon_Haɗi:
Assalamu alaikum, manyan gareji. Ina neman shawara kan damfar bakin kiranshaf, wato faifan nan mai nauyi da ake ɗaura fulin bel a jikinsa. Injin Chevrolet 350 ne ake mayarwa 383 (lambobin girman injin ne a inci kubik): an buɗa silinda zuwa inci 4.030, za a sa kiranshaf na ƙira mai tafiyar inci 3.75 (nisan hawa da saukar fistin ke nan), da konrod mai inci 6, giyar kuma ta hannu ce. Injin zai riƙa kaiwa juyi 6,500 a minti. Motar ta hawa ce, amma za a shiga filin tsere da ita jifa-jifa. Ba a yi odar kiranshaf ba tukuna. Tsohuwar damfar 350 mai inci 6.75 tana nan, sai dai robarta ta fara tsattsagewa. A mayar da ita ko a sayi sabuwa? In sabuwa ce, mai roba ko mai silikon, ƙarama ko mai inci 8?

Tsohon_Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tsohuwar nan dai ka cire ta daga lissafi. Zoben ƙarfen zubi ne a wajenta, roba kaɗai ke riƙe da shi, kuma robar ta riga ta gaji. In ta saki a juyi 6,000, zoben zai fita da gudun da zai iya fasa lagireto da duk abin da ya tarar a hanya.

Amma kafin maganar roba ko silikon, akwai abin da ya fi su muhimmanci, kuma ka yi sa'a da ba a sayi kiranshaf ba: a ina za a daidaita nauyin injin, a ciki ko a waje? Injin 350 na asali a ciki ake daidaita shi, shi ya sa damfarsa ba ta da gefe mai nauyi. Tafiyar inci 3.75 kuwa daga injin 400 aka aro ta, shi kuma 400 a waje kamfani ya daidaita shi: akwai ƙarin nauyi a gefe ɗaya na damfa, akwai wani a jikin fulawil. Yawancin kiranshaf na zubi masu araha da ake sayarwa don 383 wannan tsarin suka bi. In ka ɗaura damfar 350 a kan irinsu, ko ta 400 a kan wanda aka daidaita a ciki, injin zai kama kakkarwa tun daga silo, ya cinye metal na gaba, wato mazaunin da kiranshaf ke juyawa a kansa, cikin ɗan lokaci.

Tunda juyi 6,500 kake nufi, ka nemi kiranshaf da aka yi don daidaitawa a ciki. Nauyin da aka rataya a can bakin kiranshaf, gaba da metal na farko, lanƙwasa bakin yake yi, kuma ƙarfin lanƙwasawar yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da juyi ya ninka sau biyu. Konrod ɗinka mai inci 6 zai taimaka, domin fistin ɗinsa gajere ne, yana barin wuri ga manyan ma'aunan kiranshaf, wato dunƙulen ƙarfen da ke daidaita nauyinsa. In nauyin bai kai ba, mai balansin zai huda ma'aunin ya cusa ƙarfen Mallory mai tungstin, wanda ya ninka ƙarfen gama-gari nauyi. Akwai kuɗi a ciki, amma ya fi sayen kiranshaf na biyu sauƙi.

Ka kuma duba shekarar bulok ɗin. Daga 1986 Chevrolet ta koma sil ɗin baya guda ɗaya maimakon mai ɓari biyu, kuma waɗannan injinan gabansu babu ƙarin nauyi amma fulawil ɗinsu yana da shi. Wato za ka iya samun kiranshaf da gabansa na ciki ne, bayansa na waje. Ka sa mai sayarwa ya rubuta maka gaba da baya daban-daban kafin ka biya.

Injiniya_V8:
Oga ya gama magana kan daidaita nauyi. Bari in ɗora da ainihin aikin damfar, don shi zai nuna maka wadda za ka zaɓa.

Duk sa'ad da silinda ta tashi, bugun yana murɗa kiranshaf kaɗan, sai ya warware ya wuce inda yake, ya sake dawowa. V8 na tashi sau huɗu a kowane juyi, wato bugu 400 a daƙiƙa ɗaya in ana juyi 6,000. Akwai juyin da in an kai shi bugun ke zuwa daidai da lokacin da kiranshaf ke warwarewa, sai murɗawar ta yi ta hauhawa. Bayan injin yana da fulawil da ke riƙe shi, saboda haka gaba ne ke shan wahalar, inda sarƙar tayimin take. Alamunsa su ne tayimin da ke rawa a ƙarƙashin fitila, sarƙa ta saki da wuri, notunan fulawil su kwance, daga ƙarshe kiranshaf ya tsage. Doguwar tafiya irin ta 383 tana ƙara abin, domin tana rage haɗuwar jonal na konrod da na tsakiya, wato gaɓoɓin kiranshaf da konrod ke kamawa da waɗanda ke zaune a bulok, kiranshaf ya ƙara laushi.

Damfar kamfani mai roba an auna ta ne da kiranshaf da fistin da juyin injin asali. Ka canja duka ukun, don haka ko sabuwa ce fil ba lallai ta kama inda matsalarka take ba. Na tsere iri biyu ne suka fi yawa. ATI Super Damper tana da zoben nauyi a kulle cikin kwanso, yana zaune a kan zobban roba da ake iya buɗewa a canja. Fluidampr kuwa zoben nata yana iyo ne cikin silikon mai kaurin gaske a rufaffen kwanso, yana mayar da murɗawar zafi, irin tsarin da ke gaban manyan injinan dizal na tirela. Mai silikon tana aiki a faɗin juyi mai yawa, amma in kwansonta ya lotsa zoben ciki na iya maƙalewa, ta zama dunƙulen ƙarfe ba tare da ka gani daga waje ba. Kowace daga cikinsu za ta riƙe injinka. Ni na fi karkata ga wadda ake buɗewa, domin zafi shi ne ajalin roba, kuma gara robar da za ka iya dubawa ka canja.

Ko wace ce, ka tabbata tana da shaidar SFI 18.1, wato tambarin ingancin damfar tsere na gidauniyar SFI ta Amurka. Ana gwada irinsu a juyi 12,500, kuma an ƙera su yadda zoben ba zai fice ba. Hukumar tsere ta NHRA a Amurka ba ta barin motar da ke cin rubu'in mil cikin daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka ta shiga fili sai da ita.

Maganar girma kuma, kada ka ruɗu da cewa ƙarama ta fi saurin tashi. Nauyin zoben ne ke yin aikin. Mai inci 6.25 ta fi dacewa da gajeriyar tafiya da injin da ake buɗewa bayan kowane 'yan tsere. Naka yana son inci 7 zuwa 8. Ka auna tazara tsakaninta da famfon ruwa da ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin injin, ka kuma tabbata fulinta zai hau layi ɗaya da na famfon, tunda akwai gajeren famfo akwai dogo.

Sabon_Haɗi:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Wani ya ba da shawarar a sa fulin alminiyom zalla don rage nauyi, ko a yi wa tsohuwar walda don kada zoben ya fita. Sannan yaya ake ɗaura sabuwar?

Mai_Awo:
Malam, dukansu biyun hanyar karya kiranshaf ce. Fulin alminiyom ba ya shanye komai, walda kuma tana kashe motsin da ke tsakanin zobe da cibiya, wanda shi ne aikin gaba ɗaya.

Wajen ɗaurawa, da maikiromita ake farawa. Bakin kiranshaf na wannan injin yana wajen inci 1.246, kuma dole ramin damfar ya fi shi ƙanƙanta da kusan inci 0.001, wato mm 0.025. Ka bi adadin da ke takardar kamfanin. In ta shige da hannu ba ta da amfani, domin murɗawar ba za ta isa gare ta ba, sai dai ta yi ta dukan ki, wato ɗan ƙarfen da ke kulle ta da bakin kiranshaf, har ta cinye gurbinsa. In ta matse fiye da kima, a goge ramin a kan inji, kada a taɓa kiranshaf.

Ka shafa man hana kamewa a bakin, ka ɗiga gam kaɗan a gurbin ki don kada baƙin mai ya biyo ta nan, ka shafa mai a inda sil zai hau. Da na'urar turawa mai boris ake shigar da ita. Guduma tana aika bugun kai tsaye zuwa metal na biyar da ke hana kiranshaf wasan gaba da baya. Kada kuma ka ja ta da notinta, domin zaren 7/16-20 ne, zare uku ko huɗu kawai zai kama da farko, sai ya tsige su. Wuta ma kada ta kusance ta. Ka tura har ta zauna a jikin giyar tayimin, sannan ka ɗaure notin asali a fam-ƙafa 60, kusan Nm 81. In na kamfanin ARP ne, masu ƙera notunan tsere, ka bi nasu adadin. Ranar cirewa, da abin ja mai noti uku a cibiya, ba mai ƙugiya da ke kama zoben waje ba.

Kada ka yarda da layin sifirin da ke jikinta, wato layin da ke nuna fistin na ɗaya ya kai sama, sai ka gwada. Chevrolet ta sauya wurin layin: kafin 1969 yana digiri 2 daga gurbin ki, bayan nan ya koma digiri 10, kuma kowane da irin manuninsa. Ka cire kan batir da fulogai, ka sassauta rokan silinda ta ɗaya, ka ɗaura abin tare fistin a ramin fuloginta. Juya kiranshaf da hannu a hankali har ya tsaya, ka yi alama a jikin injin daidai inda layin sifirin ya tsaya. Juya baya har ya sake tsayawa, ka yi wata. Tsakiyar alamomin biyu nan ne saman fistin na gaskiya, sai ka matsar da manuni zuwa wurin. In damfar ba ta da rubutun digiri, a mai inci 8 digiri 36 ya yi daidai da mm 63.8 a kan da'irarta.

Tsohon_Bakanike:
Ƙari ɗaya kan kai kaya wurin balansin. In injin na ciki ne, damfar ba ta da abin yi a can. In an koma na waje, cibiyar da ke ɗauke da nauyin kaɗai za a ba shi, musamman mai silikon, domin zoben cikinta ba ya zama a tsakiya sai injin na gudu, zai ɓata awon. Ka gaya masa baki da baki kada ya huda kwanson don rage nauyi. Fulawil da faifan kuloci kuwa ka haɗa masa da su.